Gilashin da Ya Cinye Barandar Maman Kaluba

Ranar wata Talata aka kawo gilasan, kuma daga ranar Maman Kaluba ba ta ƙara zama a gaban gidanta ba.

Ina tsallaken titi a ƙofar gidana, da littafi a hannu, ina yi kamar karatu nake. Tun da matata Esnat ta rasu na shiga sahun tsofaffin garin Kitwe masu gadin titi ba albashi. Na koyar da adabi a sakandare har gashin kaina ya ƙare. Abin da na tsira da shi ɗaki ne cike da littattafai, sai bakin da 'yan unguwa ke cewa ya fi reza.

Motar ta tsaya a gaban gidanta. Ma'aikata suka manna wa gilashin wasu robobi masu kama kamar ƙahon wanzami, suka sauko da shi a tsaye, suna tafiya kamar masu ɗauke da jinjirin sarki. Kowane falle ya fi ƙofar coci tsayi. Maman Kaluba tana gefe da farantin gasasshen rogo da gyaɗa, tana ƙanƙance ido, domin yanar ido ta daɗe da rufe mata gani.

"Kai mai cin ɓera!" ta ƙwala mini kira. "Taso ka ga ikon Allah. Ɗana ya sayo iska, ga ƙarti nan suna nishi wajen sauke ta!"

Na ce, "Gilashi ne, mai cin biri. A dajinku ba a san shi ba, kada ki lasa."

"Sakala, in ka mutu ni zan haƙa kabarinka, kuma gajere zan yi maka."

Ni Bangoni ne daga Chipata can gabas, ita Babemba ce. Tsakanin mutanenmu da nasu wasa ne tun kakanni, mbuya muke kiran juna. Ko a gaban alƙali na zage ta, dariya zai yi. Ba a fushi da mbuya, ba a hana shi shiga gida, ba a kai shi ƙara. Lokacin da Esnat ta rasu, Maman Kaluba ce ta zo ta baɗe ni da garin masara daga kai har takalmi, ta ce marigayiya ta huta da girkin ɓera. Ranar ce na fara dariya bayan jana'iza.

Gidan nata ne. Mijinta ya saye shi lokacin da kamfanin ma'adinai ya sayar wa ma'aikata gidaje, bai daɗe ba ya mutu ya bar ta a ciki. Da aka zuba wa titinmu kwalta, ɗanta Kaluba ya dawo da matarsa Bupe, ya ce gaban gidan ya yi kyau da shagon kayan amare. Aka rushe baranda da falo. A barandar nan take gasa rogonta tun Kaluba yana rarrafe.

Kaluba ya ganni, ya yafito ni da hannu. Mutum ne mai fara'a, irin masu dafa kafaɗarka kafin su cuce ka.

"Ticha, zo ka taɓa. Wannan ba irin na tagar gidanka ba ne, wanda in ya fashe yake zama takubba. Gasasshe ne. A wuta aka sa shi, sannan aka huce shi da iska farat ɗaya. Ko guduma ka kawo, hannunka ne zai gaji."

Na ce na taɓa karantawa cewa ƙarfinsa a fuska yake, gefensa kuwa ba ya son ko ƙwarzane.

"Kai dai Ticha, komai ka karanta."

Da aka ɗaga fallen ƙarshe, sai aka tarar gurbin ƙarfen ya yi masa kaɗan da kamar faɗin ɗan yatsa. Simukonda, mai aikin gilashin, ya cire hula ya sosa kai. Ya ce gasasshen gilashi ba ya yankuwa, sai dai a kwance ƙarfen a sake shi, domin dole a bar masa wurin numfashi a sa roba ta ko'ina.

Kaluba ya ce, "Asabar za a buɗe shago. An gayyaci matar kansila, an kama makaɗa. Ku cire robar ku tura shi."

"Oga, in zafi ya zo…"

"In zafi ya zo mu sha ruwa. Ku tura."

Suka tura. Na ji ƙarar ƙarfe a jikin gilashi har cikin haƙorina.

An yi biki mai kyau, ba zan yi ƙarya ba. Shagon ya haska titinmu. Bupe ta jera mutum-mutumi cikin fararen riguna a bayan gilashin, 'yan mata suna tsayawa suna ɗaukar hoto. Maman Kaluba ta yi rawa har ɗankwalinta ya faɗi. Washegari da safe na ji ta tana gaishe da mutum-mutumin ɗaya bayan ɗaya.

"'Yan matan nan ba su da tarbiyya," ta ce mini. "Ina jin daga gabas aka kawo su."

Da farko an mayar da murhunta gefen gida. Sai Bupe ta ce hayaƙi yana dusashe gilashi, kuma farar riga tana ɗaukar wari. Aka mayar da shi baya, inda ba mai wucewa sai kaji. Na ce ta kawo shi ƙofar gidana, ta kawo, muka yi 'yan kwanaki ina ci ina kushewa. Sai Kaluba ya tsallako da murmushinsa.

"Mama, so kike gari ya ce ba na ciyar da ke? Mai shago kamar wannan, uwarsa tana tallan rogo a titi? Ki huta mana. Lokacin hutunki ne."

Ta huta. Hutun ya yi mata nauyi kamar buhun siminti.

Ƙofar gidan yanzu ta cikin shago take, ita ma ta gilashi, ba ko ƙarfe a gefenta. Bupe tana sa a goge ta har ta ɓace. Maman Kaluba ta shiga ta da goshi ranar farko, ta sake ranar Lahadi da kayan coci a jikinta. Ta zo mini da ƙulu kamar ƙwan agwagwa.

"Ƙaho kike fitarwa?" na tambaye ta.

"Iskar ɗana ce take duka."

Ba ta kai ƙara ba, dabara ta yi. Ta dama garin rogo, ta shafa wa ƙofar babban gicciye daidai idonta, irin wanda magina ke yi da farar ƙasa a sabon gini. Kafin ya bushe Bupe ta fito da tsumma.

"Haba Mama! Shagon amare ne fa, ba akurkin kaji ba."

Na samu Kaluba na ce akwai wani farin zare da ake mannawa a gilashi daga gefe zuwa gefe, domin masu raunin ido su gane akwai abu a gabansu. Ya ce ya zaga manyan shaguna a Johannesburg, kyan gilashi shi ne kada a gan shi. Maganin da ya samo shi ne Mama ta riƙa bin ƙofar baya, don lafiyarta. Ƙofar baya tana fita lungu ne, ta tsallaka kwata a kan wani katako. Ƙawayenta na ƙungiyar matan coci, masu ciwon gwiwa kamarta, suka zo sau ɗaya, ba su ƙara ba.

Bayan nan amare suka buƙaci wurin gwada riga, ɗakinta kuma shi ne kusa da shago. Aka kwashe gadonta zuwa ɗakin ajiya, cikin kwalaye. Kaluba ya ce can ya fi shiru, tsoho yana son shiru. Ban taɓa ganin ɗan da ya damu da lafiyar uwarsa kamarsa ba. Duk abin da ya ƙwace mata, don ita ya yi.

Duk da haka kullum da hantsi sai ta zagayo ta lungu da sandarta, ta zauna a bencina ta zagi kabilata, in zagi tata, mu sha munkoyo, kunun masararmu na gargajiya. Ta rame, amma bakinta bai rame ba. In na fara maganar Kaluba sai ta ɗaga hannu.

"Bar mini ɗana. Je ka haifi naka ka zaga."

Ba mu haihu ba, ni da Esnat. Ita kaɗai ce a duniya za ta faɗa mini haka in yi dariya.

Oktoba ya zo da zafinsa, irin wanda kwalta ke kama takalmi. Wata rana da tsakar rana ta tashi daga bencina za ta koma, jiri ya ɗebe ta a gaban shagon, ta miƙa tafin hannu ta dafa fallen ƙarshen nan. Na ji ƙara kamar harbin bindiga. Gilashin ya yi fari fat daga sama har ƙasa, ya tsaya kamar yana shawara, sannan ya zubo gaba ɗaya kamar ƙanƙara. Na jefar da littafina na ruga.

Tana tsaye cikin tsakuwar gilashi har idon sawu, sai ɗan ƙwarzane a hannu. Abin da aka gasa shi dominsa ke nan, ya fashe bai kashe kowa ba. Ta duƙa ta ɗebi cikin tafi, ta kawo kusa da ido.

"To!" ta ce. "Yau dai na gan shi. Ashe gishiri ne."

Ni kaɗai na yi dariya. A cikin shago akwai wata amarya da uwarta suna gwada riga. Uwar ta dubi tsohuwar, ta dubi ramin, ta ja 'yarta suka fita ba ko sallama.

Kafin mako ya zagayo magana ta gama unguwa. Gilashin da guduma ba ta fasawa, Kaluba da bakinsa ya faɗa wa kowa, ga shi tsohuwa ta fasa shi da tafin hannu. Aka tuna tana magana da mutum-mutumi. Aka tuna zanen da ta yi a ƙofa da gari. Bupe ta kawo wani fasto mai farin takalmi, ya zagaya gidan yana yayyafa mai, ya ce akwai tsohon hannu da ba ya son aure a gidan nan. Yaran da suka girma da rogonta suka fara sauya hanya in sun hango ta. A gidan aka ware mata kwano.

Na je wurin Simukonda a shagonsa. Na tarar yana auna wani sabon falle.

Na ce, "Kai ka san abin da ya fasa shi. Zafi ya buɗa shi, ƙarfe ya matse gefensa. Zo ka faɗa."

"Ticha, ka sani, na sani, Kaluba ma ya sani." Ya ƙwanƙwasa sabon gilashin da ɗan yatsa. "Wannan nasa ne. Falle biyu ne da leda a tsakani, ko ya fashe ba ya zuba, sai ya yi saƙar gizo-gizo ya tsaya a wurinsa. Ni zan sa masa. Ina da yara a makaranta."

Kaluba kuwa bai ɓoye mini komai ba. Ya dafa kafaɗata.

"Ticha, ni ma na yi boko. Ka taɓa ji na ce Mama mayya ce? Allah ya kiyaye. Amma wace amarya za ta sayi riga a inda ake irin wannan magana? Bupe ba ta barci. Kuma ka dubi Mama, birni ya yi mata yawa. Iskar ƙauyensu Luwingu za ta yi mata kyau, ga danginta."

Ta bar Luwingu tun tana amarya. Waɗanda ta sani a can suna ƙarƙashin ƙasa.

Aka sa taron dangi ranar Lahadi bayan coci. Ƙanenta, Kawu Chanshi, ya zo daga ƙauye da sabuwar riga wadda na san shagon da aka sayo ta. Ba a gayyace ni ba, amma mbuya ba ya jiran gayyata. Na tafi da ƙarfin gwiwa, domin na ga ina da makamin da ba wanda yake da shi. Ni kaɗai ne a unguwar nan zan iya faɗin komai a fuskar Babemba, ba mai iya rufe mini baki.

Suna zaune a tsakar gida ƙarƙashin bishiyar mangwaro, ita tana kan tabarma a gefe. Ina shiga Kawu Chanshi ya tafa.

"Ga mai cin ɓera! Ku rufe rumbu!"

Na tsaya a tsakiya na ce, "Na zo in faɗa muku wanda ya fasa gilashi. Kaluba ne. Shi ya sa aka cire roba aka matse shi cikin ƙarfe, don kada matar kansila ta jira. Ina wurin."

Aka fashe da dariya. Wata gwaggo ta ce, "Ji shi! Bangoni ya zama injiniya!"

Na ɗaga murya. "Kaluba ɓarawo ne. Ya sace wa uwarsa baranda, ya sace mata sana'a, ya sace mata ɗaki, yanzu zai sace sauran gidan da rana tsaka, ku kuma kun zo ku riƙe masa tsani."

Kawu Chanshi ya buga cinya har hawaye. Kaluba ya fi kowa dariya, yana nuna ni. "Ticha, yau ka sha wani abu! Ku ba shi kujera kafin ya faɗi." Na duba fuskarsa, na ga ya gane sarai. Ya kuma gane cewa muddin yana dariya, ba abin da zai amsa.

Sai na ji bakina ya faɗi abin da ban shirya ba. "To in ta yi muku yawa, ku ba ni ita. Ina da ɗaki, ga ƙofar gida ta katako da kowa ke gani. Ta zo ta gasa rogonta."

Nan fa gidan ya kece. Bupe ta rangaɗa guɗa. Kawu Chanshi ya ce sadakinta ɓera ɗari ne, masu ƙiba. Wani ya fara waƙar kai amarya. Na juya wajen Maman Kaluba. Ta ɗago kai ta nufo inda muryata take. Da a ce ta amsa da to, da dariyar ta mutu a wurin, da kowa ya san ɗanta ne ya kore ta har maƙwabci ya tsince ta.

Ta gyara zama ta ce, "Ni? In ƙare da miyar ɓera da tsufana? Gara maitar."

Aka sake kecewa. Aka kawo nshima, tuwon masara, da kifi, aka sa mini nawa kwanon, aka yanke cewa za ta bi Kawu Chanshi ta ɗan huta.

Na koma gida na yi shawara da kaina. Na ce gobe zan same ta ita kaɗai, ba taro, ba zagi, in faɗa mata da muryar da nake karanta Littafi a coci. Da safe na sa kwat ɗina, na bi ta lungu, na tsallaka katakon. Ɗakin ajiya a buɗe, ba gado. Bupe tana shara. Ta ce ai motar Luwingu da sassafe take tashi, Kaluba ya kai su tasha.

"Ango ya makara," ta ce, tana dariya.

A gaba, Simukonda da yaransa suna ɗaga sabon fallen. Wannan karon an sake ƙarfen, an sa roba ta ko'ina, Kaluba yana tsaye a kansu yana cewa a bi a hankali, a bar masa wurin numfashi. Ashe ya iya kula da abu in nasa ne.

Na karanta littattafai da yawa a kan mugunta, kuma kusan dukkansu sun yi kuskure wuri ɗaya: suna ba mugu baƙar fuska. Wanda na sani yana da fara'a. Bai taɓa ɗaga wa uwarsa murya ba. Mu kuma 'yan unguwa mun tsaya a titi mun ga komai ƙarara, kamar yadda ake ganin riga a bayan gilashi, ba wanda ya miƙa hannu.

Ta aiko mini da busasshen rogo sau ɗaya ta hannun kwandasta, da saƙon cewa ɓerayen Luwingu suna gaishe ni, suna tambaya yaushe zan zo su gudu. Na ce in ruwa ya ɗauke hanya ta bushe zan je. Ruwa bai ɗauke ba aka bugo waya.

Kaluba ya ɗauko motar gawa mai gilashi a kowane gefe, domin gari ya ga yadda yake son uwarsa. A jana'izar Babemba, aikinmu ne mu haƙa kabari, mu dafa abinci, mu sa masu makoki dariya. Na yi aikina. Na baɗe Kaluba da garin masara har cikin kunne. Na ce marigayiya ta tafi inda birai ba su da wurin ɓuya. Mutane sun ce ba su taɓa ganin mbuya kamata ba.

Na zage ta shekara da shekaru, ba abin da na rage. Kalma ɗaya ce ban samu na faɗa mata ba: mbuya, maganar ɗakin nan, ba wasa nake yi ba.